Dandalin Abinci a Dukawuya: Kora ko Gyara?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Dukawuya bayan sallar magariba ya san abin da za mu yi magana a kansa. Ga mai tsire ya kewaye wuta da tsinkaye, ga mai shayi da teburinsa, ga mai ƙosai, ga mai gurasa, ga masu fura da nono. Ɗalibai daga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, da leburori, da ma'aikatan da suka taso daga ofis, duk nan suke taruwa su ci, su yi hira, su ji labarin gari.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), fatake ke sauka birnin nan, kuma baƙo ba shi da murhu, sai ya sayi dafaffe. Abin da ya sake shi ne yawan jama'a, da ƙurar mota, da kwatar da ke gudana kusa da faranti.

To, ga inda haɗarin yake. Mai abinci da ba shi da famfo, da bokiti ɗaya zai wanke kwanon mutum hamsin. Ta irin wannan hanya cutar amai da gudawa ke yaɗuwa. A 2021 an ƙidaya mutum fiye da dubu 100 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da dubu 3 suka rasu, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Mu da ke zagaya makarantu mun san cewa kuɗin tara da uba ya ba ɗansa da safe, a irin wuraren nan yake ƙarewa.

Waɗansu suna cewa a kore su a huta. Mu dai ba mu ga hikimar haka ba. In an kore su yau, jibi za su ɓullo a wani lungu inda ba mai duba su, don ciki ba ya jiran doka. Banda haka, tukunyar da ake sayar da abincinta a bakin ƙofa, sau da yawa wata uwa ce ta dafa a cikin gida, da ribar take tufatar da 'ya'yanta.

Akwai abin koyi a waje. Ƙasar Singafo ta yi fama da masu abincin titi, amma daga 1971 zuwa 1986 sai ta gina musu rumfuna masu famfo da magudanar ruwa, ta ba kowa lasisi. A 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada tasu cikin abubuwan gado na duniya. Dandalin Jami'ul Fana na birnin Marakish a Maroko ya sami irin wannan daraja tun 2001.

Saboda haka shawararmu uku ce. A keɓe fili nesa da jikin ganuwa, don kada a ƙara cinye abin da ya rage nata. A kai famfo, a gina kwata da wurin zuba shara. Sa'an nan a rubuta sunan kowane mai sayarwa, duba-gari ya riƙa zagayawa kamar yadda aka saba a zamanin En'e, a kuma hana ɗora wa yarinya talla a lokacin makaranta.

Akawuna, ku ne masu riƙe da littafin haraji. Ku tuna wa shugabanninku cewa wanda aka karɓi kuɗin rumfa a hannunsa yana da hakkin ruwa. Malamai kuwa, ku koya wa yara wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.