Ƙerana Ba Kaktus Ba Ce

Wanda ya ga ƙerana ko tinya a karkarar Kuyello zai iya rantsuwa kaktus ne: ga ƙaya, ga jiki mai kauri, ganye kuwa sai an lalubo. Amma kama da wane ba ta wane. Asalin kaktus nahiyar Amurka ne, su kuwa waɗannan 'yan dangin Euphorbia ne, kuma fari ne siɗaƙƙen da ke zuba daga jikinsu, mai dafin da kan lalata ido.

Inda siffa ta ruɗi mai kallo, ƙurar fure takan raba gardama. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwayar ƙurar Euphorbia tsaga uku gare ta. Ta kaktus jinsin Opuntia kuwa ƙofofi ne da yawa warwatse a jikinta. Fari kan sa tsirrai mabambanta su yi kama, amma bai cika taɓa wannan zanen ba.

Saboda haka ya kamata masanan tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello su tattara ƙurar furannin dajin Birnin Gwari, har da gandun Kamuku, su adana. Rashin tsaro ya daɗe yana hana bincike, gatari kuwa bai dakata ba. Tsiron da ya ɓace ba a tantance shi ba, ba mai sanin an yi asararsa.