Hausar da Ake Ɓoyewa a Takardar Neman Aiki

Abin takaici ne a ga ɗalibin Jami'ar Ghana da ke Legon, haifaffen Nima ko Mamobi a birnin Akra, ya zauna rubuta takardar neman aiki zuwa GCB ko Ecobank, sai ya kwafo ta mutanen Landan daga intanet, ya cika ta da kirarin kai, sannan ya goge Hausa daga jerin harsunansa. Wani har sunan unguwarsu yake sakayawa, wai kada a ce masa ɗan Zango.

Wannan kuskuren lissafi ne, ga mai neman aikin lissafi kuwa! Turanci ba ya bambanta shi da kowa, domin duk mai digiri a Ghana yana ji. Wanda ke wuyar samu shi ne ma'aikacin da zai zauna da 'yar kasuwar Nima ranar Laraba, ko dillalin albasar Nijar, ya fayyace musu bambancin adashi da asusun ajiya, ya kuma amsa tambayarsu kan kuɗin ruwa cikin harshen da suke ciniki da shi.

Da Turanci za a rubuta takardar, babu gardama. Amma a sakin layinta na biyu ya kamata ɗalibi ya ambaci Hausarsa, da kasuwar da ya sani, da irin 'yan kasuwar da zai iya jawo wa bankin.