Mota Taka Ce, Amma Iskar Fa?

Ya 'yan'uwa Musulmi, wata ɓarna ta yaɗu tsakanin 'ya'yan masu hali, ma'abota motocin tsere. Sukan sa bakanike ya cire matatar hayaƙi daga salansa, wadda makanikai ke kira indomi, sa'an nan a sauya saitin kwamfutar injin don fitilar gargaɗi ta mutu, mota ta ƙara ruri.

Wannan matata ba ado ba ce. Tun 1975 aka soma sanya ta a yawancin motocin Amurka, domin filatinam da faladiyam da ke cikinta suna rage gubar kabon monoksaid, iskar nan marar wari mai kisa. In an cire ta, wa zai shaƙa? Ɗan acaba, mai talla da almajiri.

Suna cewa dukiyarsu ce. Muna cewa dukiya amana ce. Manzon Allah (SAW) ya lissafa kawar da cuta daga hanya cikin rassan imani, su kuwa zuba ta suke yi. Wanda kuma ya sayar da motar ya ɓoye aibinta, ya yi algus.

Makanikai, ku ji tsoron Allah, kada ku taimaka wa saɓo. Allah Ya shirye mu, amin.