Waƙar na nan, masu labarin ne ke ƙarewa

A Karfi, da kaka ta yi aka shiga casar masara, da wuya ka wuce rumfar mai shayi ko wurin mai cajin waya ba ka ji kalangun Alhaji Mamman Shata ba. Yaran da ke bin amshin ba su riski mutumin ba. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Sun haddace waƙa tsaf, amma ka tambaye su wa aka yi wa ita, me ya jawo ta, sai kallon-kallo.

Turawa ba su wasa da wannan fanni. A 1968 Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya tsara waƙar Hey Jude don ya lallashi Julian, ɗan abokin waƙarsa John Lennon, lokacin da auren iyayen yaron ke mutuwa. An rubuta labarin, an tambayi masu shi sun tabbatar. Shata kuwa ba da alƙalami ya yi aiki ba. A filin wasa yake ƙera waƙa, makaɗa na tafe yana ɗora baiti, shi ya sa waƙa ɗaya kan fito da fuska daban-daban a faifai daban-daban. Wanda ke wurin a daren shi ne littafin. Shi ya san wa ya shigo fili aka juya kiɗa, wa ya yi kyautar da ta sa aka ƙara masa baiti.

To, mutanen nan a ƙasarmu suke. Shata ɗan Musawa ne, ya zauna a Bakori, sannan ya kafa gida a Funtuwa, garin auduga da manyan motoci. Ba mamaki da ya yawaita yi wa direbobi waƙa, irin su Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu. A waƙoƙin nan akwai taswirar hanyoyin Arewa na wancan zamani, da garuruwan da ake yada zango, da darajar da mai riƙe sitiyari ke da ita kafin mota ta zama gama-gari. Har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba duniyar wata a Yulin 1969 bai tsira daga bakinsa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gurbin da muka bari, masu ƙarya na cikewa. Dubi waƙarsa ta Gagarabadau. Kowace majalisa da sunan wanda take rantsuwa shi aka yi wa zambon. A da maganar kan tsaya a bakin tabarma. Yanzu yaro zai ɗora hoton bawan Allah a TikTok, ya sa waƙar a ƙasa, ya ƙaga labari, dubban mutane su haɗiye. Mutumin yana da 'ya'ya da jikoki fa.

An yi ƙoƙari, kada a ce na ci haƙƙin kowa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku kan waƙoƙin Shata a Jami'ar Indiana, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da littafin Shata Ikon Allah! a 2006. Sai dai waƙoƙin sun fi ƙarfin littafi ɗaya ko biyu, kuma tsofaffin 'yan amshi da 'yan kamasho da suka ga abin da idonsu kullum raguwa suke yi.

Aikin ba ya buƙatar kwangila. Malaman Hausa na makarantun Malumfashi da Funtuwa su tura ɗalibai tasha da kasuwa da waya a hannu, a zauna da dattijo, a ɗauki muryarsa, a rubuta sunansa da ranar da ya yi bayanin. In wani dattijon ya kawo saɓanin haka, shi ma a ɗauka, a ajiye su gefe da gefe.