Sabuwar Ma'ajiyar SSD: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

A shekarar 2023 ne kamfanonin da ke ƙera kayan na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, suka fara fito da wani sabon rukuni na ma'ajiyar bayanai da ake kira SSD, mai aiki da mahaɗar PCIe 5.0. Na farko-farkon da suka shiga kasuwa suna karanta megabayit 10,000 a daƙiƙa guda. Kafin shekarar ta ƙare, Crucial T700 ta kai 12,400; a 2024 ƙanwarta T705 ta kai 14,500; a 2025 kuwa Samsung 9100 Pro ta taɓa 14,800. Waɗannan alƙaluma ne ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali, kuma su ne kan sa ɗalibi ya ga kamar kwamfutar makarantarsu ta zama tsohon yayi. Sai dai shugaban makarantar da ke riƙe da 'yan kuɗi ƙalilan, da malamin da ya daɗe yana tari don ya gyara tasa kwamfutar, ya kamata su tsaya su yi nazari, domin a mafi yawan ayyukan makaranta wannan gudu bai cancanci kuɗin da ake biya dominsa ba.

Daga Faifai Zuwa Silikon

Tsohuwar ma'ajiya, wadda kamfanin IBM na Amurka ya fara fitarwa a 1956, faifai ce mai juyawa kamar na garmaho, da wani ɗan hannu mai yawo a kansa yana karanta abin da aka rubuta da maganaɗisu. Ta farkon tana da faya-fayai 50, amma abin da take iya ɗauka haruffa miliyan 5 ne kacal. Jikokinta da ke cikin kwamfutoci da yawa suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Duk lokacin da aka nemi wani bayani, dole hannun ya tafi inda yake, ya kuma jira faifan ya juyo da shi. Wannan jira kan ci kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A wurin ɗan Adam ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo, amma a wurin kwamfuta jira ne mai cin rai.

Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Tana adana bayani ne ta hanyar tsare ƙwayoyin lantarki a wasu ƙananan ɗakuna da aka tsara a jikin silikon, kuma ko an ɗauke wuta suna nan a tsare. Wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba, shi ne ya ƙirƙiro wannan dabara a shekarun 1980. Da yake babu hannun da zai yi tafiya, jiran ya ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, wato ya ragu har sau ɗari. Wannan shi ne babban tsallen da aka yi, kuma kowace SSD ta ƙwarai tana da shi, tsohuwa ce ko sabuwa.

Tirela Da Ɗan Aike

Lambar da ke jikin kwali tana auna gudun ma'ajiya ne yayin da take kwasar babban fayil guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, tamkar tirelar da ta ɗauki kaya ta miƙe a kan kwalta. Ɗalibi mai son lissafi zai iya gwadawa da fayil mai nauyin megabayit 14,000. Faifai mai juyawa da ke karanta megabayit 150 a daƙiƙa zai ɗauki daƙiƙa 93. SSD mai tsohuwar mahaɗar SATA, wadda gudunta ke tsayawa a wajen 550, za ta gama cikin daƙiƙa 25. Ta PCIe 4.0, da ke kaiwa 7,000, daƙiƙa 2 ta ishe ta, ta PCIe 5.0 kuwa daƙiƙa 1. Ke nan wanda ya bar faifai ya koma SSD mafi sauƙin kuɗi ya tsira da daƙiƙa 68, alhali wanda ya bar PCIe 4.0 ya koma 5.0 daƙiƙa ɗaya tak ya samu.

Daɗin daɗawa, aikin yau da kullum bai yi kama da na tirela ba. Kunna kwamfuta, buɗe manhajar rubutu, ko shiga tambayoyin gwaji na jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, duk suna buƙatar ɗauko dubban 'yan gutsattsarin bayanai da ke warwatse. Wannan aikin ɗan aike ne a cikin kasuwa: gishiri daga wannan rumfa, daddawa daga waccan. Faɗin titi ba ya ƙara wa ɗan aike komai. A irin wannan aiki faifai mai juyawa da ƙyar yake kai megabayit 1 a daƙiƙa, SSD ta SATA tana yin gommai, ita kuwa sabuwar da ake yi wa kirari da 14,000 ba ta cika yin nisa da 100 ba. Shi ya sa mutum zai sauya ma'ajiya mai kyau da wadda ta fi ta tsada, ya kunna kwamfuta, ya rasa gane inda kuɗinsa suka shiga.

Akwai kuma batun mahaɗa. Ma'ajiyar PCIe 5.0 da aka sa a kwamfutar da ba ta da irin wannan mahaɗa, gudun tsohuwar mahaɗar za ta yi. Kwamfutoci masu shekaru da yawa ma ba su da gurbin da za a sa ta ko kaɗan.

Zafi Da Lalacewa

Gudu yana tafiya da zafi. Ma'ajiyoyin PCIe 5.0 na 2023 sai da aka haɗa su da manyan ƙarafan sanyaya, wasu har da 'yar fanka. Na 2025 sun rage cin wuta, kuma wannan ci gaba ne na gaske, amma ƙa'idar tana nan: yawancin SSD an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 70 ba a ma'aunin salshiyos, kuma da zarar sun yi zafi fiye da kima sai su rage gudu da kansu don kada su lalace. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ɗakin kwamfuta mara iyakwandishan ya riga ya cinye fiye da rabin wannan tazara tun kafin a danna maɓalli.

Haka nan kowane ɗaki na silikon yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai jure. Don rage farashi, kamfanoni kan cusa bit uku a ɗaki guda, a kira shi TLC, ko huɗu, a kira shi QLC. Mai bit huɗu dole ya bambance matakan lantarki 16, saboda haka ya fi saurin gajiya, kuma gudun rubutunsa kan faɗi ƙasa warwas idan aikin ya yi tsawo. Lambar da ta fi dacewa mai saye ya duba ita ce TBW, wato adadin terabayit ɗin da kamfani ya ba da tabbacin za a iya rubutawa. Alal misali, Samsung 990 Pro mai terabayit 1 tana da 600, da garantin shekara biyar.

Farashi Ba Ya Tsayawa

A 1991 kamfanin SunDisk, wanda daga baya ya koma SanDisk, ya sayar da SSD mai megabayit 20 a kan kimanin dala 1,000. Da a wannan farashi aka tsaya, da terabayit 1 ya kai dala miliyan 50. A 2023 ana samun sa ƙasa da dala 100. Babban dalili shi ne dabarar jera ɗakunan hawa-hawa kamar gidan sama: Samsung ya fara da hawa 24 a 2013, Micron ya kai 232 a 2022, SK hynix kuwa ya fara ƙera mai hawa 321 don kasuwa a 2024.

Amma arahar 2023 ta samo asali ne daga cikar kasuwa, har sai da Samsung ya sanar da rage ƙira a watan Afrilun shekarar, farashi kuma ya sake hawa. A ƙarshen 2025 ya yi tashin gwauron zabi, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawure kayan. A watan Disamba ma Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun masu saye kaya da sunan Crucial. A Nijeriya nauyin biyu ne, domin Naira, da ake canza dala ɗaya a kan kimanin 460 a farkon 2023, ta haura 1,500 a cikin 2024. Da fitowarsu, ma'ajiyoyin PCIe 5.0 sun kusa ninka farashin na PCIe 4.0 masu girma ɗaya.

Wani zai ce ai sayen sabo tanadi ne don gobe. Haƙiƙa mai haɗa finafinai, ko mai binciken da ke juya manyan fayiloli dare da rana, zai mori wannan gudu, kuma daƙiƙoƙinsa kuɗi ne. Amma tarihi ya nuna cewa abin da ake sayarwa da tsada yau, gobe shi ne na kowa da kowa. Haka ta faru ga PCIe 4.0, wadda ta fito a 2019. Makarantar da ta biya kuɗin gudun da kwamfutocinta ba za su iya ɗauka ba, ta yi asara tun ranar saye.

Abin Da Ya Fi Dacewa

Kuɗin sabuwar ma'ajiya guda ɗaya zai iya sayen ƙananan SSD na SATA da dama, kowace kuma za ta farfaɗo da tsohuwar kwamfutar da ɗalibai suka yanke wa ƙauna. Ɗakin da kwamfutoci da yawa ke aiki ya fi ɗakin da guda ɗaya ke walƙiya saura na barci. Mai saye ya tabbatar da irin mahaɗar kwamfutarsa, ya duba TBW da garanti, ya kuma guji kayan da ba su da suna komai arahar su, domin araha ba ta ado. Sakamakon jarrabawa da sauran muhimman takardu kuwa a riƙa ajiye kwafinsu a wani wuri dabam, saboda SSD kan mutu ba tare da gargaɗi ba, kuma wadda ta tsufa aka jefa a durowa ba wuta, musamman a wuri mai zafi, tana iya zubar da abin da ke cikinta.

Malaman kimiyya suna da damar mayar da wannan batu darasi. A ba ɗalibai agogo su auna lokacin da kwamfuta ke ɗauka kafin ta gama tashi da faifai mai juyawa, su maimaita sau biyar, su fitar da matsakaici. Sannan a sa mata SSD su sake aunawa. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya saba auna abu da kansa kafin ya gaskata rubutun jikin kwali ya kama hanyar zama masanin kimiyya, kuma da wuya ɗan kasuwa ya yi masa wayo.