IDAN MOTA TA ƘI TASHI A TSAKIYAR ZAFIN BAZARA

   

A wannan watan za mu ɗan fita daga madafa mu leƙa cikin bonet ɗin mota. Na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwan mace da aikin bakanike?" To 'yar uwa, ruwanki ne dumu-dumu. Ke ce a cikin motar ranar awo, ke ce a ciki da goyo ranar biki ko gaisuwa, ke ce a ciki ranar da aka ɗauko yaro ba lafiya daga Goronyo ko Rabah za a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sau da yawa kuma mai tuƙin yaro ne, ƙanen maigida ko ɗanki, wanda tuƙin kawai ya iya. Idan motar ta tsaya a Achida aka sayi ruwa, aka dawo aka murɗa makulli ta yi shiru, rana tana tsaka, wa zai yi tunani a natse in ba ke ba?

Ƙasarmu ta Boyekai ba baƙuwar zafi ba ce. Daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a jihar Sakkwato da rana. A watan Afrilun 2024 kuwa, lokacin da zafi ya mamaye ƙasashen Sahel, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Ga kuma halin tsaro da gabashin jihar ya shiga a 'yan shekarun nan, wanda ya sa babu mai son magariba ta riske shi a gefen hanya da iyali. Saboda haka sanin abin da ya hana mota tashi, da sanin abin da za a gaya wa bakanike ta waya, ba ƙaramin abu ba ne.

Mutane kafin ƙarfe

Kafin kowa ya taɓa bonet, a fito da yara da tsofaffi daga motar a kai su inuwa. Motar da ke tsaye a rana tamkar tanda ce: cikin minti 10 zafin cikinta yakan ƙaru da kusan digiri 10, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hana hakan. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba ninki uku zuwa biyar. A ba kowa ruwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nono za a yawaita ba shi, a rage masa kaya, a shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma. In da hali a tura motar gefe, a ƙarƙashin dogon yaro ko wata bishiya, a ja birkin hannu, a buɗe bonet don iska ta shiga. Wannan buɗewar kaɗai wani lokaci ita ce rabin magani.

Daga nan sai ki kasa kunne. Kamar yadda kike gane kukan yunwa da kukan ciwo a wurin jaririnki, haka mota take faɗin ciwonta da sauti. Sauti uku ne za ki bambance.

Na farko: an murɗa makulli, shiru kake ji

Ki duba fitilun da ke gaban direba. In ba su kama ba, ko sun kama dishi-dishi, a danna hon. In hon ɗin ya yi kukan mara lafiya ko ya ƙi yi sam, to wuta ce ba ta zuwa daga batir. Amma kada a yi saurin yanke hukunci cewa batirin ya mutu. A fara duba kawunansa guda biyu, inda aka ɗaure wayoyi. Hanyoyinmu masu gargada suna sassauta ɗaurin, zafi kuma yana sa wani farin gari ko kore-kore ya taru a wurin ya tare wuta. In aka kama wayar da hannu ta juya, ta yi sako-sako ke nan. A kashe komai, a cire makulli, a kwance wayar mai alamar (-) tukuna, a kankare garin, a mayar a ɗaure tamau. A gida ana wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan bekin soda, irin wanda muke sa wa kek. A kula kada garin ya taɓa ido ko tufafi, domin guba ne mai cin fata.

In kuwa fitilu suna haske sosai, hon yana ƙara lafiya lau, amma injin ya yi shiru, a duba giya. Mota mai otomatik ba ta tashi sai giyar tana kan P ko N. In ta ƙi a P, a taka birki a gwada N. Wasu motocin masu giyar hannu kuma ba sa tashi sai an take kuloci har ƙasa.

Na biyu: ƙas-ƙas-ƙas, ko inji yana juyawa da ƙyar

Ƙarar ƙas-ƙas a jere da sauri, fitilu suna lumshewa tare da ita, alama ce ta batir mai rauni. Mutane da yawa suna zaton sanyi ne kaɗai maƙiyin batir, alhali zafi ya fi cin ransa. Zafi yana ƙafar da ruwan da ke cikinsa, yana kuma cinye farantan dalmar da ke ciki, shi ya sa batirin da zai yi shekara 4 ko 5 a Turai, a nan da wuya ya wuce 2 zuwa 3. Mai riwaya yana da ɗan ma'aunin da zai raba gardama cikin minti ɗaya: lafiyayyen batir yana nuna wajen 12.6 idan mota tana kashe, in ya sauko 12.0 ya kusa ƙarewa. Idan an tayar da inji kuma ya kamata ma'aunin ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba, laifin na altaneto ne, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ko kuma fambel ɗin da ke juya ta ya saki. A irin wannan hali sayen sabon batir asarar kuɗi ce, kwana biyu shi ma zai kwanta. Ki riƙe wannan, zai tsare wa maigida dubbai.

In kuwa ƙas ɗaya tak aka ji mai ƙarfi, fitilu kuma ba su rage haske ba, to ido ya koma kan kik, wato na'urar da ke fara juya inji. Kik yana maƙale a jikin inji, a wasu motocin ma kusa da bututun hayaƙi. Idan ya tsufa, ya sha zafin tafiya ga na rana, sai ya kasa. Alamarsa ita ce mota ta tashi lafiya da asuba, amma bayan doguwar tafiya in an kashe ta sai ta ƙi, in ta huce na rabin awa kuma ta tashi kamar ba ita ba.

Mota mai giyar hannu ana iya tura ta a saka giya ta biyu ta tashi. Mai otomatik kuwa ko garin Wurno duka ya fito turi ba za ta tashi ba, sai dai a jona mata wuta daga wani batirin. Wajen jonawa, jar waya daga (+) zuwa (+), baƙar waya daga (-) na mai lafiya zuwa wani ƙarfe a jikin injin mara lafiya, nesa da batirin. Kada a kusanto da ashana ko taba, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Batirin da ya kumbura, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada a jona shi ko kaɗan.

Na uku: inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba

A nan batir da kik sun fita daga zargi. Saura mai da tartsatsin wuta. Kafin komai, a daina murɗa makulli ba ƙaƙƙautawa. Daƙiƙa 10 ta isa, a huta minti ɗaya. In ba haka ba za a ƙone kik a kuma ƙarar da batir, ciwo ɗaya ya zama uku.

A kashe rediyo, kowa ya yi shiru, a murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa kawai. A yawancin motocin zamani za a ji ɗan zuuu na daƙiƙa 2 ko 3 daga wajen kujerar baya. Famfon mai ke nan yana turo fetur daga tanki. In ba a ji ba, a duba fis ɗinsa, in fis lafiya to wataƙila famfon ne ya gaji. Wannan famfo a cikin tanki yake zaune, kuma fetur ɗin da ya lulluɓe shi ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu lita biyu, lita uku muke zubawa, allura kullum a ƙasa. Famfo ya zauna a fili cikin tanki mai zafi, yana kuma zuƙo dattin da ya kwanta. Ƙoƙarin riƙe mai a kwatan tanki ya fi sayen sabon famfo sauƙi. Haka nan a lura da inda ake sayen man. A watan Fabrairun 2022 gurɓataccen fetur da aka shigo da shi ƙasar nan ya lalata motoci da dama, kuma man galan na bakin hanya ba a san abin da aka gauraya masa ba.

Tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da tsofaffin a-kori-kura masu ɗauko albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno da Goronyo, suna da nasu ciwon. Zafi yakan tafasa fetur a cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Maganinsa a buɗe bonet, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon man da bututun, a jira minti 20 zuwa 30. Motocin zamani kuma suna da wata 'yar na'ura da ke sanar da kwamfutar mota cewa inji yana juyawa. Idan ta fara lalacewa, ita ko kwayil mai ba fulogi wuta, zafi ne ke fara tona musu asiri: mota ta mutu tana tafiya, ta huce ta tashi. Kada a ce ai ta warke. Gargaɗi ne, a kai ta gareji.

Idan injin ne ya yi zafi

In allurar zafi ta hau ja, ko tururi yana fita daga bonet, a tsaya nan take a kashe. Don Allah kada a bar kowa ya buɗe murfin lagireto a lokacin. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, murfin ne ya danne shi, kamar tukunyar nan mai dafa wake da matsin tururi. Ana buɗewa zai yi tsiri ya sale fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30, a sa tsumma mai kauri, a murɗa a hankali. Kada kuma a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe yana iya tsagewa kamar yadda kofin tangaran ke yi. Bayan ya huce, a zaro sandar auna baƙin mai. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, gasket ya ƙone. Kada a sake tayar da ita, a nemi mai ja.

Abin da za ki gaya wa bakanike

"Mota ta ƙi tashi" ba bayani ba ne. Ki ce masa, ko ki sa yaron ya ce: fitilu suna kamawa ko ba sa kamawa, ga irin ƙarar da take yi, allurar zafi tana kaza, mai yana kaza, a nan muka sha mai na ƙarshe, kuma ta taɓa yin haka in ta yi zafi ko ba ta taɓa ba. Da wannan zai san ko batir zai ɗauko, ko famfo, ko mai riwaya zai turo. Zai kuma san ba a duhu kuke ba.

Rigakafi ya fi magani

Bazara tana zuwa ne a bayan hunturu, lokacin da ƙura ta riga ta toshe matatar iska da ramukan lagireto. Tun a watan Fabrairu ki tuna wa maigida, cikin lafazi mai daɗi, a kai mota a hure su, a duba fambel da fanka da ruwan batir. Batir mai murafu tataccen ruwan batir ake ƙara masa, ba na rijiya ba. Lagireto ma ruwansa na musamman ya fi, domin ruwan rijiya da na gulbi suna barin tsatsa da farin dutse kamar yadda kike gani a gindin buta. Tafiya mai nisa a yi sammako, a dawo da wuri. A ajiye jarkar ruwa biyu a mota, ɗaya ta sha ɗaya ta inji, da wayar jona batir, da tocila, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, waya kuma da caji.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duka nauyi. Motar da ta lalace aka ajiye a ƙofar gida ko a lungu, a kulle ta a ɓoye makullin. A watan Disambar 2021 yara 8 suka rasu a cikin wata mota da ke ajiye a yankin Badagry ta jihar Legas, bayan sun shiga ƙofa ta rufe da su. Idan yaro ya ɓace a unguwa, kamar yadda ake fara leƙa rijiya, to a fara leƙa motocin da ke ajiye, har cikin but. Yara amana ce a hannunmu, idan kunne ya ji kuwa jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana iyalanmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.