Filin Jirgin Tourou da Karatun da Muka Raina

A Parakou da Djougou na ƙasar Benin, kamar yadda yake a Kano da Maraɗi, in yaro ya ce ilimin zamantakewa zai karanta a jami'a, nan take fuskar uba za ta sauya. "Me za a ci da wannan karatu?" Likita ake so ko injiniya, in an rasa a yi lauya. Saura duk surutu ne a kan takarda, in ji su. Wannan ra'ayi ya zauna daram a zukatan iyaye da mahukunta, ni kuwa na ce kuskure ne, kuma kuskure mai tsada.

Mai musu ya je Tourou, nan bayan garin Parakou. An share daji, an shimfiɗa titin saukar jirgi, Shugaba Boni Yayi ya ƙaddamar da filin a watan Maris na 2016, makonni kaɗan kafin ya miƙa mulki ga Patrice Talon. Daga nan shekaru suka yi ta wucewa ba jigilar fasinja a kai a kai. Tambayoyin da ke raya filin jirgi ko su kashe shi ba a cikin buhun siminti suke ba. Wa zai hau? Ɗan kasuwar Borgou da ya saba bin motar dare zuwa Kwatano zai iya kuɗin tikiti? Wace haja ce za ta biya kuɗin jirgi, auduga ko yazawa ko man kaɗe? Ina makomar aikin in gwamnatin da ta fara shi ta sauka? Manoman da gonakinsu suka faɗa cikin shingen fa, ina suka nufa? Masanin tattalin arziki shi kaɗai ba zai amsa ba. Sai ya zauna da masanin siyasa, da na labarin ƙasa, da wanda ya san yadda ake gadon gona a ƙasar Bariba.

A nan ne su ma jami'o'in suke da nasu laifin, ba zan ɓoye ba. An kafa Jami'ar Parakou a 2001, tana da sashen noma, da likitanci, da shari'a, da tattalin arziki. Amma tsarin da jami'o'inmu suka gada daga Faransa da Ingila ya killace kowane fanni a ɗakinsa. Ɗalibi ya haddace Durkheim da Weber, ya rubuta jarrabawa a kan "matsalolin duniya" kamar wani abu da ke faruwa a Turai, alhali duniyar ce ke bi ta ƙofar makarantarsa a kan tireloli.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Parakou, wadda jirgin ƙasa ya iso tun 1936 kuma ta rayu da sauke kayan Nijar, ta ji a jikinta. Motoci suka yi layi, mutane da kaya suka koma tsallaka kogin Kwara a kwalekwale. Wanda ya san tarihi bai yi mamaki ba. Tun kafin Bature ya ja iyaka, ayarin fatake Hausawa ke yada zango a Djougou a hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja neman goro, hanyar da Paul Lovejoy ya rubuta littafi guda a kanta a 1980. Zumunci da amanar da suka riƙe wannan fatauci ba sa mutuwa don an rufe gada. Wata biyu kafin juyin mulkin, Tinubu ya cire tallafin mai a Abuja ranar 29 ga Mayu, farashin fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo ya tashi a kowace kwana ta Parakou. Wane sashe ɗaya ne zai bayyana wa ɗalibi wannan?

Batun tsaro ya fi ciwo. Tun harin Porga na ƙarshen 2021 arewacin Benin ke zubar da jini, musamman wajen gandun dajin W da Pendjari. Soja dole ne, ban musa ba. Amma bindiga ba ta faɗa maka abin da ya sa saurayi makiyayi, wanda burtali ya toshe masa kuma aka hana shi kiwo a daji, yake sauraren masu ɗauke da makamai.

Kuma ba sai mun je nesa neman misalin yadda ake aikin ba. Cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001 kuma take da reshe a Parakou, ta tura masu bincike su zauna a asibitoci, da tashoshin mota, da ofisoshin kwastan. Ɗaya daga cikin masu bincikenta, Nassirou Bako-Arifari, ya bi diddigin cin hanci a tashar jiragen ruwa ta Kwatano kafin ya zama ministan harkokin waje a 2011. Binciken da Jaffré da Olivier de Sardan suka fitar a 2003 daga manyan birane biyar na Afirka ta Yamma ya nuna cewa ba rashin magani kaɗai ke korar marar lafiya daga asibiti ba, har da tsawa da wulaƙanci da neman na goro. Ga likitan da uba yake buri, yana buƙatar karatun da uban ya raina.

Gaskiya ne da yawa sun gama wannan karatu suna zaune ba aiki. Dalili kuwa shi ne masu fitar da biliyoyi ba sa neman a yi musu bincike kafin su fara gini. A wajabta shi a doka ga duk babban aiki. Jami'ar Parakou kuma ta haɗa ɗaliban shekarar ƙarshe daga noma, shari'a, tattalin arziki da zamantakewa, ta tura su Tourou tare, su zauna da sarkin gari da manoma da direbobi, su rubuta rahoto ɗaya da Faransanci, a karanta wa mutanen garin shi da Dendi da Bariba da Fulatanci da Hausa.